Satiru, 1906: Garin da Aka Shafe da Tambayoyin da Ya Bari



Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Kebbe ko Tambuwal ya nufi Sakkwato, ya bi ta Shagari ya iso Boɗinga, to ya gifta kusa da wani wuri wanda ba kowa ne ya san labarinsa ba. Gabas da hanyar, a tsakanin Dancadi da Dange, kimanin mil 14 kudu da birnin Sakkwato, nan ne kufan Satiru yake. A farkon shekarar 1906 gari ne mai dubban mutane, da masallaci da makarantun allo da gonaki. Kafin watan Maris na wannan shekara ya ƙare babu ko bango ɗaya a tsaye, kuma garin bai sake tashi ba.

Nufina a wannan lacca shi ne in raba abin da aka tabbatar game da Satiru da abin da har yanzu masana suke jayayya a kansa. Bayan haka zan yi ƙoƙarin nuna dalilin da ya sa abin da ya auku a ƙofar gidanmu, a zamanin da akwai alƙalami da takarda da wayar tangaraho, ya zama mai duhu kamar ya auku shekara dubu da suka wuce.

Ƙasar Sakkwato kafin tashin Satiru

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas tare da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Turawa suka naɗa Muhammadu Attahiru na Biyu a madadinsa, suka ajiye Razdan a Sakkwato, watau Manjo Burdon, da 'yan sojoji kaɗan a bariki.

Abubuwa biyu suna dama zukatan mutane a lokacin. Na farko shi ne maganar bayi. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa a 1901 ta soke matsayin bauta a gaban kotunan Turawa, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne. Bayi da yawa suka bar rumada da gandayen iyayengijinsu suka shiga duniya. Iyayengiji suka kai kuka, su kuwa Turawa, da yake suna bukatar sarakuna su riƙe musu ƙasa, ba su so gudun bayin ya yi yawa ba.

Na biyu shi ne jiran Mahadi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi rubutu a kan al'amarin, ya kuma bayyana cewa shi ba Mahadi ba ne. A 1881 Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a Sudan, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a. Da Nasara suka ci ƙasa, mutane da yawa suka ɗauka cewa alamomin ƙarshen zamani ne suka bayyana.

An kafa Satiru wajen 1894, a zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman. Malamai ne talakawa da almajiransu suka taru a wurin, manoma da bayin da suka gudo suka yi ta iske su. A 1904 shugaban garin, wanda takardun Turawa suka kira Malam Maikaho, ya yi da'awar cewa shi ne Mahadi. Sarkin Musulmi ya sa aka kamo shi, ya mutu a tsare a Sakkwato. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A farkon 1906 wani malami makaho, Shu'aibu Ɗan Makafo, ya iso Satiru daga ƙasar Zabarma, bayan da Faransawa suka murƙushe tawayen da aka yi musu a Kobkitanda, a yankin Dosso.

Ranar 14 ga Fabrairu da ranar 10 ga Maris

Jim kaɗan bayan Babbar Salla ta shekarar Hijira 1323, Satirawa suka auka wa maƙwabtansu na Tsomau, suka ƙone garin, suka kashe mutane fiye da goma. Labari ya kai Sakkwato. Burdon ya riga ya kama hanyar tafiya hutu, Hillary ne yake riƙe da ofishinsa. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, Hillary ya fita da mataimakinsa Scott, da likita Ellis, da Laftana Blackwood wanda yake jagorantar sojan doki kimanin 70, da niyyar kamo Malam Isa da Ɗan Makafo.

Da suka kusa garin, Hillary ya yi gaba don ya yi magana da mutane. Sojoji suka sauka daga dawaki suka ja dāga. Satirawa suka fito a guje da fartanya da gatari da mashi da baka. Ganin Razdan yana waje, Blackwood ya yi ƙoƙarin matsar da sojojinsa gaba don ya kāre shi, dawaki suka firgita, sahu ya watse. Cikin 'yan mintoci aka kashe Hillary da Scott da Blackwood da sojoji baƙar fata kimanin 25. Likita Ellis ya tsira da rauni. Bindiga mai ruwa, wadda Turawa suke taƙama da ita, ta faɗa hannun Satirawa ba tare da ta yi aiki ba. Malam Isa ya sami rauni a wannan karo, ya rasu bayan kwana kaɗan, jagoranci ya koma hannun Ɗan Makafo.

Hankalin Turawa ya tashi ƙwarai. Yawancin sojojin Lugga suna can ƙasar Tibi, wajen kogin Binuwai, inda aka tura su bayan rikicin Abinsi. Da Sarkin Musulmi ya juya wa Turawa baya a wannan mako, da babu mai hana shi. Amma bai juya ba. Marafa Muhammadu Maiturare, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1915, ya tara mayaƙa ya kai wa Satiru hari cikin 'yan kwanaki, harin bai yi nasara ba.

Ranar 10 ga Maris Manjo Goodwin ya iso da sojoji fiye da 500, da bindigogi masu ruwa da igwa, dawakin Sakkwato suna mara masa baya. Satirawa suka sake fitowa fili kamar yadda suka yi da farko, amma wannan karon sahu bai watse ba. Aka yi ta harbinsu, aka shiga garin, aka bi waɗanda suka gudu cikin daji. Lissafin Turawa ya ce an kashe kimanin mutum 2,000, an kama mata da yara kimanin 3,000. Ba a kashe Bature ko ɗaya ba. Aka kama Ɗan Makafo, aka yi masa shari'a a Sakkwato, aka kashe shi a kasuwa tare da waɗansu mabiyansa. Aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Gwamnatin Ingila ta ba Sarkin Musulmi lambar girma saboda tsayawarsa.

Wannan shi ne iyakar abin da kowa ya yarda da shi. Daga nan sai tambayoyi.

Tambaya ta farko: me Satirawa suke nema?

Amsoshi uku ne suka shahara. Turawan da suka rubuta rahoto a 1906 sun ce tsattsauran ra'ayin addini ne kawai, watau jahilai ne waɗanda wani makaho ya ruɗa da alkawarin cewa harsashi ba zai kama su ba. Wannan amsa ta yi wa masu ita amfani, domin idan hauka ne ya kawo tashin, to babu wanda zai tambayi gwamnati game da haraji ko halin da talakawa suke ciki.

Bayan samun mulkin kai, Farfesa R. A. Adeleye ya sake nazarin takardun, a wata maƙala da ya buga a 1972. A ganinsa Satiru ci gaba ne na gwagwarmayar ƙin mulkin Nasara, wadda aka fara a Kano da Sakkwato da Burmi. Hujjarsa mai ƙarfi ce, tun da yake Turawa ne aka kashe ranar 14 ga Fabrairu, kuma daga yaƙi da Faransawa Ɗan Makafo ya fito.

Amsa ta uku ta fito ne daga binciken Abubakar Sokoto Mohammed a Jami'ar Ahmadu Bello a 1983, wanda ya bi ƙauyuka ya tattara labaran baka da waƙoƙi, sa'an nan Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka faɗaɗa ta a 1990. Su sun lura cewa an kafa Satiru tun kafin zuwan Turawa, kuma waɗanda suka cika shi talakawa ne da bayi. Waɗanda suka bi Attahiru na Ɗaya zuwa Burmi akwai sarakuna da manyan malamai a cikinsu, amma a Satiru babu. Don haka suka ce fushin Satirawa ya haɗa har da masu sarautar gida, shi ya sa sarakuna da Turawa suka haɗa kai wajen murƙushe su.

Kowace amsa tana da inda ta tsaya. Idan addini ne kaɗai, me ya sa masu bin da'awar suka zama kusan dukansu marasa galihu? Idan ƙin Nasara ne kaɗai, me ya sa jinin da aka fara zubarwa na mutanen Tsomau ne, talakawa Musulmi irinsu? Idan kuwa rikicin talaka da mai mulki ne, ba mu da ikon mu ture abin da mutanen suka faɗa da bakinsu, cewa Mahadi suke bi, mu sa musu namu bayani. Tana yiwuwa duk ukun gaskiya ne a zukatan mutane daban-daban a gari ɗaya, domin bawan da ya gudo daga rinji da almajirin da yake jiran ƙarshen zamani suna iya tsayawa a sahu ɗaya, kowa da abin da ya kawo shi.

Tambaya ta biyu: shiryayyen abu ne ko tsautsayi?

Tashin Kobkitanda da na Karma, a bakin kogin Kwara cikin ƙasar da Faransa take mulki, da na Satiru, duk sun auku cikin wata uku. Ɗan Makafo ya haɗa biyu daga cikinsu da ƙafarsa. Turawa sun yi imani cewa akwai waɗanda suke jira su ga inda iska za ta kaɗa, har suka tuɓe Sarkin Gwandu a wannan shekara bisa zargin cewa yana da hannu. To, amma zargi daban, hujja daban. Mai mulkin da ya tsorata yakan ga maƙarƙashiya a ko'ina, kuma lokacin tashin hankali lokaci ne da magabta suke samun damar kai sukar juna wurin Razdan.

A ɗaya gefen kuma, idan muka dubi yadda karon farko ya gudana, za mu ga cewa kuskuren Hillary da Blackwood ne ya ba Satirawa nasara. Da sahun sojoji bai motsa ba, watakila da an kama mutum biyu ko uku, a rubuta layi biyar a rahoton shekara, magana ta wuce kamar yadda ta 1904 ta wuce. Bugu da ƙari, bayan nasarar Satirawa sun yi fiye da mako uku ba su taso wa birnin Sakkwato ba, alhali kuwa barikin kusan babu kowa. Ko rasuwar Malam Isa ce ta karya musu shiri, ko suna jiran waɗansu garuruwa su taso, ko kuwa tun farko ba su da niyyar cin birni, wannan yana cikin abubuwan da suka tafi kabari tare da masu su.

Tambaya ta uku: mutum nawa, kuma ina sauran?

Adadin 2,000 ƙiyasi ne na waɗanda suka yi kisan. Babu wanda ya bi daji ya ƙirga gawawwakin waɗanda dawaki suka cim ma, kuma ba a rubuta sunayen matattu ba. Sunayen Turawa uku da suka mutu suna nan a rubuce da muƙamansu. Sojoji baƙar fata da suka mutu tare da su lamba ce kawai, balle Satirawa.

Ko a London abin ya tada magana. Winston Churchill, wanda a lokacin shi ne ƙaramin minista a Ofishin Ƙasashen Mulkin Mallaka, ya rubuta a fayil yana sukar yadda aka hallaka mutanen da kusan ba su da makami. William Wallace, mataimakin Lugga, wanda ya riƙe ƙasar bayan Lugga ya bar aiki a 1906, shi ma ya shaida wa ofishin cewa kisan ya wuce kima. Duk wannan a cikin fayil ya tsaya, ba a kafa kwamitin bincike a bainar jama'a ba.

Sai maganar mata da yara 3,000. An rarraba su ga masu sarauta da garuruwa, shekara biyar bayan dokar da ta ce an soke matsayin bauta. Yaron da yake da shekara biyar a 1906 zai iya kai wa zamanin mulkin kai da ransa. Ke nan jikokinsu da tattaɓa-kunnensu suna nan a cikinmu, a garuruwan kudancin Sakkwato da waɗansu wurare, da yawansu ba su san daga inda kakarsu ta fito ba, domin wanda aka la'anci garinsu ba ya gaya wa 'ya'yansa sunan garin.

Abin da ya kawo duhun

A nan ina so in ja hankalinku zuwa wani al'amari makamancin wannan, wanda ya shafi wannan yanki namu kai tsaye. Malam Abdussalami almajirin Shehu ne, ya zauna da jama'arsa a Gimbana, wajen Jega. Harin da Gobirawa suka kai wa Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin dalilan da suka kawo hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Bayan jihadi Abdussalami ya ga cewa ba a yi masa adalci a rabon ƙasa ba. Da Shehu ya rasu a 1817 sai ya yi wa Sarkin Musulmi Bello tawaye a Kware. Aka ci Kware, Abdussalami ya sami rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818.

Wannan ma baƙin labari ne, an zubar da jinin Musulmi a ciki. Amma ku dubi bambanci biyu. Na ɗaya, Bello ya rubuta littafi a kan rikicin, Sard al-Kalam, ya sa wasiƙun Abdussalami a ciki tare da amsoshinsa. Mai nasara ne ya rubuta, gaskiya ne, amma ya bar mana ƙarar abokin gabansa a rubuce, har mai karatu na yau yana iya auna hujjojin biyu. Na biyu, ba a shafe zuriyar ba. Buhari ɗan Abdussalami ya sami izni ya zauna a Jega da Gimbanawa, ba nisa da Tambuwal inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna. Ɗan wanda ya yi tawaye da ɗan Shehu suka zama maƙwabta, kowanne da garinsa da zuriyar da take riƙe da tarihinsa.

Satirawa ba su sami ko ɗaya daga cikin biyun ba. Malamansu sun mutu, abin da suka mallaka na takardu ya tafi tare da garin. Waɗanda suka tsira an warwatsa su, la'ana ta rufe musu baki. Waɗanda suka rubuta labarin kuwa, kowannensu yana da abin da yake kārewa: Burdon yana son ya nuna cewa amincewarsa da sarakuna daidai ce, Lugga yana son ya nuna wa London cewa ba shi da wata hanya sai wadda ya bi. Abin da ya saura na muryar Satirawa shi ne gutsattsarin waƙoƙi da labaran da aka tattara bayan shekara saba'in da wani abu. Duhun Satiru mutane ne suka yi shi da hannunsu.

Ba mu kaɗai ne muke da irin wannan tabo ba. A waɗannan shekaru ne Jamusawa suka hallaka Herero da Nama a ƙasar da ake kira Namibiya yanzu, daga 1904 zuwa 1908, suka kuma murƙushe tawayen Maji Maji a Tanganyika daga 1905 zuwa 1907. A 1906 ɗin nan ne Turawan Natal suka kashe dubban Zulu a tawayen Bambatha, wanda haraji ya tayar. A Tanzaniya malaman Jami'ar Dar es Salaam sun tura ɗalibansu ƙauyuka a ƙarshen shekarun 1960 suka rubuta abin da tsofaffi suka gani, tun masu gani da ido suna raye. A 2021 gwamnatin Jamus ta amsa cewa abin da aka yi a Namibiya kisan ƙare dangi ne. Wannan ya nuna cewa irin wannan duhu yana raguwa idan an sami masu tonawa.

Kammalawa

Sakamakon Satiru ya daɗe tare da mu. Daga 1906 Turawa suka tabbata cewa zamansu a ƙasar nan ya dogara ga sarakuna, sarakuna kuma suka ga inda ƙarfi yake. A kan wannan fahimtar juna aka gina mulkin En'e wanda ya kai mu har gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Wanda yake son ya gane yadda aka mulki Arewa shekara saba'in, lalle ne ya tsaya a kufan Satiru.

Ga ɗalibai, aikin bai ƙare ba. Waɗanda suka gani da ido sun shuɗe, amma akwai tsofaffi a Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Kebbe da Kuchi waɗanda suka ji daga bakin kakanninsu yadda labarin ya iso garuruwansu, da wanda aka tura yaƙin, da baƙuwar da aka kawo gidan wane a wannan shekara. Akwai kuma takardun ajami da na Larabci a gafakokin malamai waɗanda ba a taɓa dubawa da wannan niyya ba. Ku tafi da ladabi, ku rubuta abin da aka faɗa muku yadda aka faɗe shi, da sunan gari da ranar da kuka ji, ko da ya saɓa wa ra'ayinku.

Ga ma'aikata kuwa, ku ne magadan alƙalamin Razdan. Duk ranar da rikici ya tashi a wani ƙauye, tsakanin manomi da makiyayi ko tsakanin jama'a da hukuma, rahoton da Sakatare ko Shugaban Ƙaramar Hukuma ya sa wa hannu shi ne abin da za a karanta bayan shekara ɗari. Idan kun rubuta cewa waɗansu ɓata-gari ne suka tada fitina, kuka tsaya nan, kun yi abin da aka yi a 1906. Ku rubuta sunayen waɗanda suka mutu, ku ƙirga su, ku kuma rubuta abin da masu ƙara suka ce da kalmominsu, ko da hukuma ba ta yarda da su ba. Sarkin Musulmi Bello ya yi haka ga mutumin da ya ɗaga masa takobi, bai kuwa rage masa daraja ba.

 Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu zaman lafiya.